Asabar ɗin da Aka 'Yanta Baba Tsintsiya

Kafin a fara kiransa Baba Tsintsiya, sunan da unguwa ta san shi da shi Gagara-Aike, kuma ba sharri aka yi masa ba. Ya yi direban motar kaya, ya ajiye makulli ranar da mai motar ya ce ya wanke ta. Ya yi gadi a wani kamfanin fenti, ya bar musu ƙofa a wangale ya taho gida saboda wani babba ya kira shi da yatsa. Ya yi yaron kafinta, ya yi lebura, ya yi kwandasta na rabin wuni. Daga ƙarshe ya koyi gyaran famfo, don shi ne aikin da mutum zai shiga banɗakin mutane ya turo ƙofa, ba mai tsaya masa a kai.

"Ni ba a haifi ubangidana ba tukuna," haka yake faɗa, kuma wurin da ya fi faɗar haka shi ne mashayar Madam, a teburin kusa da firiza, kowace Asabar da rana. A can yake wuni, a can abin da ya samo a mako yake ƙarewa, daga can ake rako shi gida yana ba turakun lantarki haƙuri in ya buge su.

Matarsa ba mai yawan faɗa ba ce. Tana cikin mawaƙan coci, ta kuma iya ajiye magana a inda za ta yi ƙaiƙayi. Wata Asabar motar giya ta kasa shiga layin Madam saboda ƙuncinsa, ta sauke kaya a bakin titi. Madam ta ce duk wanda ya kwaso mata kiret yana da kwalba. Gagara-Aike ya naɗe hannun riga ya ɗora kiret a ka. Yana sawu na huɗu ko na biyar sai ga matarsa tana dawowa daga koyon waƙa. Ta tsaya, ta ɗan rusuna kamar ta ga baƙo.

"Sannu da aiki, yaron Madam," ta ce. "In ka gama, ka roƙar mana izini wurin uwar ɗakinka ta ara mana kai. Famfon gidanmu tun bara yake zuba."

Ta wuce abinta. Shi kuwa ya tsaya da kaya a ka. Zuciya ta ce masa ya yi jifa da kiret ɗin, amma hannu ya ƙi, don tsoron kada kwalabe su fashe. A nan tsaye ya gane cewa mutumin da ya gagari masu mota da masu kamfani, ga shi yana lallaɓa kwalba kamar ƙwai. Ya kai kayan, ya sauke a hankali, Madam ta miƙo ladansa ya ce ta ajiye. Ya yi ta tafiya ba inda ya nufa, har ya tsinci kansa a ƙofar cocin da rabonsa da ita tun ranar aurensa.

Faston wancan lokacin tsoho ne mai ciwon baya, kuma shi yake share cocin da kansa. Gagara-Aike ya tarar da shi a duƙe tsakanin bencuna.

"Fasto, tambaya na zo yi. Akwai yadda mutum zai yi ya zauna ba shi da oga kwata-kwata?"

"Babu," in ji tsohon, bai ko ɗago ba. "Na duba ko'ina. Kowa da wanda yake yi wa bauta. Sai dai ka zaɓi wanda ba zai tura ka kana tangaɗi a titi ba. Riƙe min wannan, bayana ya ƙage."

Ya miƙa masa tsintsiya, ya je ya zauna a bencin gaba yana shafa ƙugu. Har Allah ya ɗauki ran tsohon nan bayan shekaru, bai taɓa cewa a dawo masa da tsintsiyarsa ba.

Ba a rana ɗaya giya ta sake shi ba. Ya faɗi ya tashi, ya sake faɗuwa, ya yi kuka a gaban bagadi har majina. Amma tun daga ranar da ya durƙusa ya ce wa Yesu, "Na gaji da wancan ogan, ka ɗauke ni aiki," bai ƙara kiransa da wani suna ba sai Maigida. In tsofaffin abokan shansa suka tare shi suna tsokana, "Gagara, ashe an samu mai aikenka? Mun ji ka zama bawa," sai ya ce, "Da ma can bawa ne ni, albashin ne kawai ciwon kai da amai. Wannan Maigidan da jininsa ya fanso ni. Wanda aka biya wa irin wannan kuɗin ba ya tsayawa ciniki."

Kowace Asabar da rana, daidai lokacin da a da yake kama hanyar Madam, sai ya kama hanyar coci. Yana da tsarinsa. Zai fara yayyafa ruwa da hannu don kada ƙura ta tashi, ya ɗaga bencuna ɗaya bayan ɗaya, ya fara daga ƙofar baya ya nufo gaba. Kowa ya san wurin zamansa a coci, shi kuma Baba ya san kowa ta abin da yake bari a ƙasa. In ya zo bencin wani, yana shara yana yi masa addu'a da ƙarfi, kamar mai kai rahoto.

"Maigida, ga wurin shugabar mata. Takardar alawa shida. Ka taimake ta da ciwon sukarin nan, ita ba za ta taimaki kanta ba. Ga na dattijo mai barci, ka ga inda kansa ya goge fentin bango. Ka ba shi hutu a gida don ya bar mana wa'azi. Ga na samarin nan, cingam a ƙarƙashin benci. Ka shirye su kafin in kama su."

Ranar Lahadi kuma zai tsaya a bakin ƙofa cikin farar rigarsa yana gaisawa da jama'a, fuskar nan kamar ta waliyyi. "Mama, barka da zuwa. Mai ɗanɗanon lemon nan ta fi ta madara daɗi, ko?" Shugabar mata ta kai masa duka da mafici tana dariya. Yara suka laƙaba masa Baba Tsintsiya, sunan ya bi shi har manya suka manta da na da.

Haka aka yi kusan shekara ashirin. 'Ya'yansa suka girma, babban ya yi karatu ya samu aiki a banki, har uwarsa ma Manaja take kiransa. Yaron kirki ne, ba ya wasa da iyayensa. Abu ɗaya ne yake ci masa rai. In ya zo coci da abokan aikinsa, sai wani ya nuna ya ce, "Wancan tsohon mai shara akwai barkwanci," shi kuma ya rasa ta inda zai fara cewa ubansa ne. Ga tsohon ya fara dafa benci kafin ya miƙe. Manaja ya yi shawara da sabon Fasto, wani matashi mai son tsari, suka ƙulla abin alheri a ɓoye.

Wata Lahadi bayan wa'azi, Fasto ya ce Baba ya fito gaba.

"Jama'ar Allah, Baba ya yi wa gidan nan bauta tun wasunku suna goye. Ɗansa ya ɗauko mana ma'aikata biyu daga kamfanin tsafta, da injin zuƙar ƙura. Daga yau mun 'yanta Baba! Baba, ka je ka huta!"

Coci ta ɗauki tafi, mata suka yi guɗa, mai ganga ya ƙara da nasa. Aka shigo da wata kujera mai laushi an ɗaure ta da jan ƙyalle, aka zaunar da shi a kai, ya nutse har gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa. Baba ya yi murmushi, ya ɗaga hannu, ya yi godiya. Matarsa kaɗai ce a cikin mawaƙa ba ta yi tafi ba. Ta san abin da Asabar take nufi a gidansu.

Asabar ta farko ya ce zai je ya duba aikin yaran. Ya tarar da su cikin shuɗin yunifom, injin yana ta gurnani, siton kayan shara kuma an sa masa sabon kwaɗo.

"Baba, ka zauna," in ji ɗayansu da ladabi. "Oga ya ce ko tsinke kada mu bari ka ɗaga."

"Wane ogan?"

"Ɗanka, Baba."

"To, shi wannan abin naku mai ihu, yana yi wa masu bencin addu'a?"

Suka kalli juna, suka yi dariyar da ake yi wa tsofaffi, suka ci gaba da aiki.

Asabar ta biyu ya kwance duk famfunan gidansa, waɗanda lafiyarsu ƙalau, ya sake ɗaurawa. Ya share falo, ya share tsakar gida, ya dawo zai sake share falon, matarsa ta ƙwace tsintsiyar.

"Baban yara, za ka kankare min siminti. Ka kira yaron nan ka gaya masa gaskiya."

"In ce masa me? Ubanka da furfura yana tsoron kwalba?"

"Ƙarya ce?"

Ba ƙarya ba ce. Shekarun nan duka, ƙishin bai mutu ba, kwanciya ya yi. Kowace Asabar da rana yakan ɗago kai ya duba, ya tarar da hannun Baba a cike da aikin Maigida, ya koma ya kwanta. Yanzu ya ɗago ya tarar da mutum a nutse cikin kujera da rimot a hannu. Baba ya kira ɗan nasa a waya, ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce jikinsa ya saba da motsi. Manaja ya ce, "Baba, zan saya maka keken motsa jiki," ya ce ana jiransa a taro.

Asabar ta uku aka yi ruwa da hantsi, ya ɗauke da rana, gari ya yi luf. Baba ya canza tasha ya fi a ƙirga. Maƙogwaronsa ya bushe, ya sha ruwa kofi biyu, bai ji komai ba. Ya sa takalmi ya ce zai sha iska.

"Iskar wane layi?" in ji matarsa daga kicin.

"Iska ai ba ta da layi."

Ƙafafunsa kuwa sun san layin. Ya ce musu su yi dama, suka yi hagu. Ya tsaya ya gaisa da mai gyaran waya, ya tsaya ya karanta allon wani kanti har ƙasa, duk don ya ba kansa lokacin juyawa, bai juya ba. Ya tsallake kwata, ya taka caɓi, sai ga labulen roba na ƙofar Madam yana kaɗawa.

Madam ta tsufa, ta sa tabarau, amma muryar tana nan.

"Wa nake gani? Gagara! Jama'a, ku tashi, ɗan gida ya dawo!"

Dogo, abokin shansa na da, wanda yanzu haƙoransa ba su fi a irga da hannu ɗaya ba, ya jawo masa kujera a teburin kusa da firiza. "An ce sun sallame ka daga bautar. Barka da 'yanci, mutumina. Madam, ta farko a kaina."

Kafin Baba ya buɗe baki an fasa marfi, an dire masa kwalba. Sanyi ya sa ta yi raɓa, wani ɗigo yana gangarowa a gefenta a hankali. Ƙamshin ya doki hancinsa, yawu ya cika masa baki. Ba wasa a ciki, yana son abin nan kamar ransa. Ya ga hannunsa ya taso daga kan cinya ba da izininsa ba.

"Maigida," ya ce ƙasa-ƙasa, "ga yaronka a gidan tsohon ogansa. In kana da aike, yanzu ne. Anjima ba na jin kira."

Ya gyara zama don ya matso kusa da teburin, sai takalminsa ya ƙi ɗaguwa. Ƙasar ta yi danƙo. Ya duba, ga murafun kwalba, ga guntayen sigari, ga wata takarda da ta manne tun ba a san yaushe ba.

"Madam, yaushe rabon a share wurin nan?"

"Ka zo sha ne ko ka zo duba-gari?"

Ya hango tsintsiya a bayan firiza, ya miƙe ya ɗauko, ya buga gindinta a tafin hannu ta daidaita. Ya ɗebi ruwa a bokitin wanke kofuna ya fara yayyafawa.

"Ku ɗaga ƙafa. Kai mai jar hula, ɗaga. Dogo, ɗauke sandarka."

Suka ɗaga suna dariya, sun ɗauka wasa ne. Dariyar ta fara raguwa da ya buɗe baki.

"Maigida, ga teburin Dogo. Murfi tara, kuma rana ba ta faɗi ba. Ka san hantarsa, kai ka yi ta, ka ji tausayinta. Ga na mai jar hula, ban san shi ba amma ga zoben aure a hannunsa, ka tuna da baiwar Allahn da take jiransa. Ga wannan yaron, ko gemu bai gama fitowa ba..."

"Baba, don Allah kada ka sa ni a ciki," in ji saurayin, ya ajiye kofinsa ya sulale waje. Mai jar hula ya tuna ana nemansa. Wasu biyu da suka ɗaga labule za su shigo suka ji ana ambaton Ubangiji, suka saki labulen a hankali.

Madam ta ɗauki waya. Lambar matarsa tana wurinta tun zamanin da ake kira a zo a kwashe shi.

"Ki zo ki ɗauki mijinki."

"Ya sha ne?"

"Ina ma ya sha! Kashe min kasuwa yake yi."

Ba a jima ba mota ta tsaya a bakin titi. Manaja ne a gaba, ya ratso caɓin layin da takalminsa mai tsada, fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa, uwarsa tana biye. Suka tarar da Baba a duƙe ƙarƙashin tebur, Dogo ya ɗaga ƙafafu sama kamar mai jiran allura. Matar ta wuce kai tsaye wurin mijinta.

"Miƙe. Hura min."

Ya hura mata a fuska.

"Albasa ce kawai," ta ce, ta nemi kujera ta zauna.

"Baba, mene ne wannan?" in ji Manaja. "A mashaya? Da tsintsiya? Me na rage ka da shi?"

Baba ya nuna teburin kusa da firiza da kan tsintsiyar. "Ka ga waccan kwalbar? Tawa ce. Ni aka buɗe wa. Ban taɓa ta ba, kuma kada ka ce ƙarfin halina ne. Hannuna biyu ne kawai, duka suna kan wannan."

Manaja ya kalli kwalbar, ya kalli uwarsa. Yana ƙarami lokacin da ake rako uban nasa gida, amma bai manta ba.

"Ɗana, na san don ƙauna ka yi. Amma ni ba irin mutanen da ake bari ba oga ba ne. Na gwada, uwarka shaida ce. Wanda nake yi wa aiki yanzu, tun da na shiga hannunsa nake kwana a gadona, nake gane 'ya'yana, nake tafiya a miƙe. Ban san wani 'yanci da ya wuce wannan ba. Kai kuma ka zo ka sallame ni daga wurinsa da tafi da guɗa. Tsohon ogan nan bai mutu ba, yana nan cikin firiza yana jira." Ya gyara riƙon tsintsiyar. "Saboda haka ka zaɓa. Ko a ce uban Manaja yana shara a coci, ko a ce yana shara a gidan Madam. Ni dai Asabar mai zuwa sai na yi shara."

"A'a, ba a nan ba!" in ji Madam. "Ɗana, don girman Allah ka mayar masa da cocinsa. In kulle masa aka yi, kuɗin fasa kwaɗo ni zan biya."

Dogo ya ce, "A tambaye shi ko za mu iya sauke ƙafa."

Manaja ya fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ya ciro hankici ya ce hayaƙin sigari ne. Ya fita waje ya kira Fasto. Da ya dawo ya ce yaran kamfani za su riƙa yin tagogi da silin da banɗaki, ƙasa kuwa daga ƙofa har bagadi ta Baba ce, ba mai taɓa ta.

"Yaushe zan fara?"

"Asabar mai zuwa, Baba."

"Wannan Asabar ɗin ba ta ƙare ba."

Dole aka wuce da shi coci a motar. Fasto yana jiransu a bakin ƙofa da makullin sito, yana ta ba da haƙuri. Baba ya karɓa, ya buɗe, ya ɗauko tsintsiyarsa, ya shiga. Sai ya tsaya turus. Yaran kamfani sun riga sun gama sun tafi. Ƙasar nan fes, tana ƙyalli, ko ƙwayar yashi babu. Ya leƙa ƙarƙashin bencin shugabar mata, wayam. Ya tsaya a tsakiyar coci da tsintsiya a hannu kamar wanda aka yi wa fashi.

Ya juyo zai yi magana, idonsa ya sauka a kan ɗansa, wanda ya tsaya a waje yana ƙoƙarin kankare caɓin layin Madam daga takalminsa a gefen matakala.

"Kai, bar shi! Kada ka goge. Shigo."

"Baba, zan ɓata..."

"Shigo na ce. Bi ta tsakiya. Yawwa. Yanzu shiga layin mata, ka fito ta na dattawa. Taka da kyau mana, kamar ba ka ci abinci ba?"

Manajan banki, da taye a wuya da komai, ya yi ta zagaya bencuna yana dangwala sawu, uwarsa ta dafa ƙofa tana dariya har da hawaye, Fasto ya rasa inda zai sa idonsa. Baba ya bar shi sai da ya kai gaban bagadi ya dawo, sannan ya ɗebo ruwa ya koma ƙofar baya, ya duƙa a kan sawun farko.

"Maigida, na dawo bakin aiki. Ga sawun ɗana. Yana da kirki, wayo ne bai gama isarsa ba. Ka ƙara masa."